Cikin ThinkPad T480s: abin da ya sauyu da abin da aka liƙe da dalma

Lenovo ta fitar da ThinkPad T480s a shekarar 2018 domin ma'aikatan da ba sa rabuwa da kwamfuta a jaka. Kaurinta bai cika milimita 19 ba, nauyinta kilo 1.3 da 'yan kai, allonta inci 14. Kamfanonin Turai da Amurka kan mori irinta shekara uku ko huɗu su sauya, sai ta biyo kwantena ta sauka Legas, ta ratsa Computer Village da ke Ikeja, ta ƙare a shagunan Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja da sunan tokumbo. Ta wannan hanyar wadda zan yi bayani a kanta ta shigo hannun wata malamar sakandare da ke haɗa digirinta na biyu, kuma duk aikin bincikenta a ciki yake.

Koke-kokenta guda biyar ne. Da ta buɗe Chrome da shafuka masu yawa, ta haɗa da Word da SPSS, manhajar lissafin bayanan bincike, sai kwamfutar ta riƙa ja da ƙyar. Fanka ba ta hutawa, ƙasan kwamfutar kuma zafi rau. Batir ba ya kai awa ɗaya. Wurin ajiya ya cika har Windows na ƙorafi. Na biyar, wanda ta ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, faifan nan da ake shafawa da yatsa ya daina dannuwa, har ya ɗan taso sama.

"Malam, an ce mini injin ne ya tsufa, sai an sa mata Core i7," in ji ta. "Nawa zan tanada?"

Na ce, "Malama, ki riƙe kuɗinki tukuna. Bari mu tambayi kwamfutar da kanta abin da ke damunta."

Bincike kafin a ɗauki sukurudireba

Maganar sauya furosesa, wato injin da ke yi wa kwamfuta lissafi, ita ce ta farko da ya kamata a kawar, domin ana cin kuɗin mutane da ita. Furosesar da ke cikin wannan kwamfuta Intel Core i5-8350U ce, kuma ba a gurbi take zaune ba. An liƙe ta a jikin babban bod, allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe da shi, da 'yan ƙwayoyin dalma sama da dubu, don haka babu cirewa a sa wata kamar yadda ake yi a kwamfutar tebur. Wanda ya ce zai mayar da ita i7, ko dai bod ɗin gaba ɗaya zai sauya, ko kuma sitika kawai zai sauya. Ko da an sauya bod ɗin, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Core i7-8650U da ake sa wa wannan samfurin tana da cibiya 4 da zare 8, daidai da ta i5 ɗin, kuma dukkansu an tsara su a kan wat 15. Bambancin yana ƙololuwar gudu, 4.2 GHz a kan 3.6 GHz, ƙololuwar da siririyar kwamfuta mai zafi ba ta daɗewa a kanta.

Task Manager, wanda ke nuna abin da kowace manhaja ke ci a Windows, ya nuna inda gizo ke saƙa. Da muka buɗe manhajojin da ta saba aiki da su, RAM ɗin 8GB, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya cika ya haura kashi 90 cikin 100, alhali furosesar na zaune ba ta wani wahala. Idan RAM ya cika, Windows kan kwashe wani ɓangare na aikin ta jibge a SSD, wato wurin ajiyar fayiloli, ta riƙa kai da kawowa, kuma SSD komai saurinsa bai kama ƙafar RAM ba. Wannan kai da kawowar ce Malama ke gani a matsayin tsufan inji.

Zafi kuma manhajar HWiNFO, mai auna zafin sassan kwamfuta, ta fallasa shi. Ɗan aiki kaɗan, furosesar ta haura digiri 90. Iyakar da Intel ta yanka mata digiri 100 ne, kuma idan ta doshi can takan rage gudu da kanta don kada ta lalace. Ke nan kwamfutar tana da ƙarfin da zafi ya hana ta fitarwa.

Batir yana da nasa rahoton a cikin Windows. Ana rubuta powercfg /batteryreport a baƙin allon umarni, sai ya fito da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage. Na T480s 57Wh ne daga masana'anta. Nata bai kai rabi ba. Amma ni faifan shafawar da ya taso ne ya fi tayar mini da hankali, saboda batirin wannan kwamfuta a ƙarƙashinsa yake kwance. Idan faifan ya taso, galibi batir ne ya kumbura yana turo shi. Abin da ta ɗauka ƙarami shi ne mai haɗari a cikin biyar ɗin, domin kumburarren batirin litiyom yana iya kamawa da wuta, a jakar da take ratayawa ko a kan katifar da yaranta ke kwana.

Akwai abu biyu da nake dubawa a duk tokumbon da ta fito daga kamfani. Na farko kalmar sirrin shugaba a BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta kafin Windows. Ana danna F1 lokacin kunnawa. Idan ta nemi kalmar sirri kafin ta bari a sauya saiti, an shiga matsala, domin a ThinkPad cire ƙaramin batirin agogo ba ya goge ta, kuma maganin da kamfanin ya sani shi ne sauya bod. Tata a buɗe take, alhamdu lillahi. Na biyu BitLocker, makullin da Windows ke kulle bayanai da shi. Idan an kulle SSD da shi, taɓa saitin BIOS ko mayar da SSD ɗin wata na'ura na iya sa ya nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda yawancin masu kwamfuta ba su ma san da zamansa ba. Nata yana kunne. Muka shiga asusunta na Microsoft muka samo mabuɗin, ta rubuta shi a takarda da hannunta. Sannan muka kwafi babin bincikenta da bayanan SPSS zuwa filashi da kuma Google Drive, ta buɗe kowanne ta tabbatar yana karantuwa. Ba na kwance sukuru ko ɗaya a kwamfutar da aikin shekaru ke ciki sai mai ita ya ga kwafinsa da idonsa.

Sayayya

RAM ɗin T480s rabi-da-rabi ne. Akwai 4GB ko 8GB da aka liƙe a bod, sannan aka bar gurbi ɗaya na DDR4. Tata mai 8GB ce, gurbin kuma babu komai a ciki. Takardar Lenovo ta ce gurbin na ɗaukar har 16GB, jimla 24GB. Mutane da yawa sun sa 32GB ya yi aiki, amma aikin Malama bai kai can ba. Tsakanin 8GB da 16GB muka yi shawara. Idan aka sa 8GB, ya yi daidai da na jikin bod, duka 16GB ɗin sai su yi aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya, abin da ke ƙara sauri musamman ga hoto, tunda na'urar hoton wannan kwamfuta daga RAM take ci. Idan aka sa 16GB, 16GB na farko a jimlar ne ke samun wannan tagomashi, ragowar 8GB su bi hanya ɗaya. Ga kuma kuɗi: farashin DDR4 ya yi tashin gwauron zabo a 2025, bayan manyan masu ƙera shi sun fara janye hannu suna komawa sababbin samfura. Muka tsaya a 8GB, rarar kuɗin muka kai ta wajen batir.

A jikin sitikar RAM ake gane shi. Wanda aka rubuta PC4 shi ne DDR4, mai ƙafa 260. Mai PC3L tsohon yayi ne, DDR3L, ƙafarsa 204, tsagarsa ma ba a wuri ɗaya take ba, ba zai shiga ba. Wannan kwamfuta a gudun 2400 take aiki. Idan an samu mai 2666 ko 3200 zai yi, sai dai zai sauko ya bi 2400, don haka babu dalilin biyan ƙari saboda babbar lamba.

Haka lissafin yake a SSD. Gurbin M.2 2280 ne, wato faɗi milimita 22, tsawo milimita 80, kuma na ƙarni na uku ne na PCIe. Masu shago za su nuna maka na ƙarni na huɗu mai gudun megabait dubu bakwai a daƙiƙa a jikin kwali. Zai shiga, zai yi aiki, amma da gudun ƙarni na uku. Muka ɗauki NVMe mai 512GB na kamfani sananne, wanda ƙwayoyinsa ke fuska ɗaya, domin a siririyar kwamfuta sararin da ke ƙarƙashin SSD ɗan kaɗan ne, mai fuska biyu yana iya lanƙwashewa idan aka ɗaure shi. Tun a shagon na sa shi a 'yar akwatin USB na duba da CrystalDiskInfo. Wannan manhaja tana faɗin awannin da SSD ya yi yana aiki da yawan abin da aka taɓa rubutawa a kansa. Sabo na gaskiya kusan sifili zai nuna. Kwali da leda ba shaida ba ne.

Batir ne ya fi ba da wahalar samu. Lambobin na asali sun haɗa da L17L3P71 da L17M3P71, kuma kasuwa cike take da masu kama da su, sitika iri ɗaya, farashi rabi. Araha ba ta ado. Jabun batir yakan nuna kashi 40 sannan ya mutu farat ɗaya, wani ya kumbura kafin shekara ta zagayo. Na nemi mai shagon ya rubuta garanti a rasit, da sharaɗin za mu duba rahoton batirin bayan an ɗaura, in bai kusanci 57Wh ba mu dawo da shi. Ya yarda, kuma yardar tasa ta ƙara mini natsuwa da kayan.

Buɗewa

Lokacin hunturu muka yi aikin, kuma wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Busasshiyar iska tana sa jiki ya tara lantarki. Kowa ya san ɗan tartsatsin nan da ke cizon yatsa idan an taɓa ƙofar mota, ko ƙarar da bargo ke yi da dare. Wanda bai kai a ji shi ba ma ya isa ya kashe RAM ko ya raunana wani abu a bod, ya bar ciwon da ba zai bayyana ba sai bayan watanni. Na yi aikin a kan teburin katako, ba kafet ba, na cire rigar sanyi, na ɗaura igiyar wuyan hannu mai sauke lantarki. Wanda ba shi da ita ya riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya taɓa komai, ya kuma riƙe kaya ta gefe, ban da ƙafafun zinaren.

ThinkPad tana da wata dabara da nake so a ce kowace kwamfuta na da ita. A cikin BIOS, ƙarƙashin Config sannan Power, akwai Disable Built-in Battery. Da an zaɓa, kwamfutar za ta mutu, batirin ya daina ba bod wuta har sai an sake jona caja. Sai a zare cajar a kifa ta a kan tawul.

Sukuru biyar ke riƙe da murfin ƙasa, kuma irin waɗanda ba sa fita gaba ɗaya ne. Suna sakin jiki su tsaya a murfin. Wanda bai sani ba yakan yi ta ja har ya ɓalle zoben da ke riƙe su. Bayan sukuru akwai 'yan kunnuwan roba da suka kama murfin ta kowane gefe. Daga wajen maƙalan allo ake farawa, a zura siririyar roba mai tauri, tsohon katin ATM ma ya wadatar, a bi gefen a hankali ana jin suna saki ɗaya bayan ɗaya. Wuƙa da bakin sukurudireba ba su da aiki a nan. Suna tauna gefen murfi, kuma idan suka zarce ciki, bod suke samu. Da murfin ya tashi na ɗauki hoto da waya kafin in taɓa komai, domin hanyar da kowace siririyar waya ta bi ita za ta koma, in ba haka ba murfi ya danne ta.

Batirin ya kumbura kamar yadda aka zata. Ledar ɗaya daga cikin ɗakunansa uku ta yi tozo. Na zare filoginsa daga bod ta hanyar kama kan filogin, ba wayoyin ba, na kwance sukurunsa, na ɗaga shi a shimfiɗe. Irin wannan ba a matsa shi, ba a lanƙwasa shi, ba a huda shi don "a fitar da iska" kamar yadda wasu ke yi wa batirin waya. Iskar da ke ciki mai kamawa da wuta ce. Na ajiye shi cikin tsohon kwanon ƙarfe da yashi, a inuwa, nesa da kayan wuta. Da aka ɗauke shi, faifan shafawar ya koma mazauninsa, ya ci gaba da dannuwa ba tare da an taɓa shi ba.

Fanka da bututun tagullar da ke kwashe zafi a haɗe suke. An sa wa sukurun da ke kan furosesa lamba, ana sassauta su bi da bi, kaɗan-kaɗan, don kada nauyi ya taru a kusurwa ɗaya, tunda ƙwayar furosesar a tsirara take, babu murfin ƙarfe a kanta kamar ta kwamfutar tebur. Da na ɗaga, sai ga dalilin zafin. Tsakanin fankar da siraran haƙoran da iska ke fita ta cikinsu, ƙura ta dunƙule ta yi kauri kamar audugar tsohuwar katifa. Daga waje ba a ganinta, hura iska ta waje kuma ƙara cusa ta yake yi. Na cire ta da burushi mai laushi, na hura sauran ina riƙe da fiffiken fankar da yatsa, domin idan iska mai ƙarfi ta juya ta fiye da ƙima tana lalata mazauninta.

Man da ke tsakanin furosesa da tagulla ya bushe ya zama gari. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin fuskokin biyu don zafi ya samu hanyar wucewa. Na goge tsohon da sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ba sifirit ɗin kemis mai ruwa da launi ba, na ɗiga sabo ɗan kaɗan na shimfiɗa shi siriri ya rufe ƙwayar. Yawansa ba ya ƙara sanyi. Na mayar da tagullar na ɗaure bisa lambobin, na jona wayar fanka. Mantawa da wannan 'yar waya shi ne ke sa ThinkPad ta rubuta Fan Error ta ƙi tashi.

RAM da SSD, waɗanda don su aka zo, su suka fi sauƙi. RAM ana zura shi a karkace, tsagarsa ta dace da ta gurbi, a tura har ƙafafun su ɓace, a danna ƙasa maƙalai biyu su kama. SSD sukuru ɗaya ne.

Katin Wi-Fi na bar shi yadda yake, duk da yana cirewa kuma akwai sababbi. Malama da wayarta take raba wa kwamfutar intanet, kuma Intel 8265 da ke ciki ya fi ƙarfin abin da layin wayar ke kawowa nesa ba kusa ba. Sauya shi kashe kuɗi ne, ga haɗarin ɓalle 'yan mitsi-mitsin kawunan eriya.

Bayan rufewa

Na ɗora murfin ban ɗaure ba, na jona caja, na kunna. Allon ya ɗan jima baƙi, abin da aka saba gani idan an sauya RAM, sannan tambarin ya fito. BIOS ta nuna 16384 MB. Na bar MemTest86 ya zagaye RAM ɗin daga filashi, bai samu kuskure ba, sannan na ɗaure sukuru.

Ban kwafo tsohuwar Windows ɗin ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma wannan kwamfuta ta cika sharuɗɗan Windows 11: furosesar ƙarni na takwas da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0. Yayarta T470s, mai ƙarni na shida ko na bakwai, ba ta samu shiga jerin ba, abin da ya kamata mai sayen tokumbo ya riƙe, domin a ido kusan kamarsu ɗaya. Lasisin yana cikin bod tun daga masana'anta, da aka hau intanet ta kunna kanta. Sabon ɗauri ya kuma raba ta da tarkacen manhajojin da aka loda mata a shago.

Sai sabunta BIOS da manhajar Thunderbolt, wadda ke sarrafa ƙofar USB-C. Lenovo da kanta ta fitar da sanarwa cewa wasu ThinkPad na 2017 zuwa 2019, har da T480s, suna buƙatar wannan sabuntawa, in ba haka ba ƙofar USB-C na iya daina aiki. Da yawan tokumbo ba a taɓa yi musu ba. Ba a fara irin wannan aiki da wutar NEPA kaɗai. Na jira sabon batirin ya cika, na jona cajar a inbata, domin yankewar wuta a tsakiyar rubuta BIOS na iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya.

Da aikin da a da ke cika RAM, yanzu kusan rabi ake ci. Zafin ya sauko ƙasa da digiri 80 a aiki mai nauyi, fanka na yin shiru idan rubutu kawai ake yi. Rahoton batir ya nuna kusan 57Wh ɗin cif, kuma yana kai ta daga safe zuwa bayan azahar a aikin Word. A manhajar Lenovo Vantage na saita caji ya riƙa tsayawa a kashi 80, tunda yawanci a jone take aiki, kuma zama a cike cikin zafin bazara yana daga abin da ke saurin tsufar da batirin litiyom. Na nuna mata inda za ta cire iyakar idan tafiya ta kama. Tsohon SSD ɗin ya koma 'yar akwatin USB ya zama wurin ajiyar kwafi.

Duk wannan ya yiwu ne saboda gurbi ɗaya da aka bari a 2018. T490s da ta gaje ta a 2019 an liƙe RAM ɗinta duka, haka X1 Carbon. MacBook Air daga 2018 har SSD ɗinta a liƙe yake. Masu ƙerawa suna da hujja: liƙaƙƙen RAM samfurin LPDDR ya fi ƙarancin cin batir, ya kuma fi ƙarancin cin wuri. Amma wanda ya fara sayen kwamfutar a Landan shekara uku zai yi da ita. Wanda zai zauna da 8GB ɗin da ba ya ƙaruwa shi ne na biyu ko na uku, a Kano ko Maraɗi, wanda ya tara kuɗin wata da watanni. Wannan yana damuna, kuma shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata kafin saye nake cewa ya sa a buɗe masa murfin ƙasa a gabansa ya ƙirga gurabe. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da za ta wajabta, daga Fabrairun 2027, a riƙa yin na'urori yadda mai su zai iya sauya batir da kansa. Dokar ba ta taɓa RAM ba, kuma sai waɗancan na'urori sun tsufa a can kafin su iso kasuwarmu.

Abin da ya rage mai rauni a kwamfutar Malama shi ne ƙofofin USB-C guda biyu, waɗanda ta nan kaɗai take shan caji, kuma su ma a jikin bod aka liƙe su. Na roƙe ta ta daina ɗaga kwamfutar caja na jone, ta kuma tsaya a caja mai wat 65 ta asali, ban da na roba marasa nauyi da ake sayarwa a bakin titi. Idan ƙofa ɗaya ta lalace akwai ɗayar. Idan duka biyun suka tafi, aikin ya bar hannun mai sukurudireba ya koma na mai narka dalma da madubin ƙara girma, kuma kuɗin wannan gyara yakan kusanci kuɗin wata tokumbon.